Zaren Inna Gaje a Birnin Ɗigo

A Kukar Maiwa, can inda hanyar fatake take ƙarewa daji ya karɓa, an yi wata mata mai suna Sa'ude, wadda ta shiga wani birni da ke cikin ɗigon ruwa, ta kuma fito da ranta. Na ga wasu sun fara murmushi. To, wanda bai yarda ba ya gyara zama kawai, ni dai yadda aka ba ni haka zan bayar.

Sa'ude kaɗin auduga take yi, kuma duk ƙasar babu mai hannunta. In ta murza mazari, zaren da zai fito sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Ita ce 'yar fari a wurin Inna Gaje. Kun dai san iyayenmu da kunyar ɗan fari, amma ta Inna Gaje ta wuce misali. Shekara arba'in cur, bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Sai dai "ke", ko "waccan", ko ta yi gyaran murya ta dubi bango. Ana yaye yarinyar aka miƙa wa kaka, can ta girma. Autanta kuwa, Tanimu, kafin a karya kumallo an kira shi sau goma, har da kirari.

Sa'ude ta san al'ada ce, kowa ya gaya mata. Kai ya ji, zuciya ta ƙi ji. A can cikin ranta ta daɗe da yanke cewa uwarta ba ta son ta, ta haɗiye abin ta ci gaba da kaɗinta.

Wata damina da la'asar, Inna Gaje tana dawowa daga daji hadari ya tare ta, ta fake a gindin tsamiya, aradu ta faɗo wa itacen ta tsaga shi biyu. Aka ɗauko ta a kan ƙyaure. Ba ƙuna a jikinta, ba karaya, ido a buɗe, amma babu kowa a cikin idon. An sha rubutu, an yi turare, masu magani sun zo sun tafi suna girgiza kai. Kwana shida Sa'ude tana ɗura mata ruwan koko da ludayi, tana juya ta, tana share mata baki. Tanimu ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

Ran kwana na bakwai, rana tsaka, ta tafi tsohuwar rijiyar bayan gari ɗebo ruwa. Ta jawo guga ke nan sai ga wata tsohuwa zaune a bakinsa, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, tana kaɗi da ƙayar aduwa, zarenta ya tsinke tana ta fama ta haɗa. Ai Sa'ude ba ta ma tuna da tsoro ba. Hannun mai sana'a ya riga kanta, ta kama bakin zaren biyu, ta ɗan taɓa miyau, ta murza, ya koma kamar bai taɓa tsinkewa ba.

Tsohuwar ta ɗago ta ce, "Ya ke 'yar Adam, shekara ɗari uku ina zaune a rijiyar nan. Masu ganina gudu suke yi, ke kuwa aiki kika gani. Faɗi bukatarki."

Sa'ude ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, uwata nake so ta tashi."

Tsohuwar ta tura hannu cikin ruwan gugan har kafaɗa, ta zaro wani zare mai sheƙi, ta yi ta zarowa har ya taru. Sili biyu ne a murɗe da juna, kowane sili an shirya masa duwatsu ƙanana launi huɗu, fari yana fuskantar baƙi, ja yana fuskantar shuɗi. A tsakiyarsa kuwa ya tsinke, bakin nan biyu sun yi buzu-buzu.

Ta ce, "Ga zaren uwarki. Kowane mai rai yana da irinsa, kuma duk abin da yake shi ne, a nan aka shirya shi. Da sili ɗaya aradu ta ci, da ɗayan ya riƙe. To duka biyun ta yanke, bakin kuma warwarewa yake yi. In la'asar ta yi yau ba a haɗa shi ba, ku nemi likkafani. Ni ban iya ba. Masu wannan aiki suna Birnin Ɗigo. Riƙe wannan bakin da dama, wancan da hagu, kome za ki gani kada ki saki."

Ta naɗa mata sauran zaren a ƙugu, ta ɗiga mata ruwa a goshi. Nan take rijiya ta zama ƙasa, guga ya zama dutse, Sa'ude ta yi ta ƙanƙancewa tana faɗuwa, har ta faɗa cikin wani ɗigon ruwa da ke rataye a igiyar guga.

Kai jama'a! Ashe teku ne. Ba sama ba ƙasa, sai ruwa mai haske, ga garuruwa birjik suna iyo, kowanne dogo kamar ƙwayar shinkafa, da ganuwarsa, da wata doguwar bulala a bayansa yana kaɗawa yana tafiya. Tana cikin kallo sai wani dodo ya taso, ba kai ba ƙafa, yana malala kamar kunun da ya zube, in ya iske gari sai ya lulluɓe shi ya shanye da mutanensa. Ya shanye biyu a gabanta, ya juyo wajenta.

Hannu biyu a cike, da me za ta yi iyo? Wani gari ya zo wucewa a guje, ta miƙa wuya ta cafki bulalarsa da haƙori. Bulala ta yi sama da ita ta yi ƙasa da ita, ta maka ta nan ta maka ta can, haƙorinta na gaba ya fita, ba ta saki ba. Amma a wata makawa hannun hagu ya sassauta, ƙiftawar ido ɗaya. Duwatsu uku suka zame daga zaren. Kowanne ya fashe, sai ta ji muryar Inna Gaje tana waƙar daka, waƙar nan da take yi tun Sa'ude tana goye, ta tashi sau ɗaya ta ɓace cikin ruwa. Sa'ude ta gane uwarta ba za ta ƙara yin waƙar nan ba har abada. Ta damƙe zaren har farce ya shiga nama.

Bulalar ta wurga ta bakin ƙofar gari. Masu gadi suka taso mata, dogaye sirara, bakin kowanne almakashi ne, suna ƙyas-ƙyas.

Babbansu ya ce, "Tsaya nan, baƙuwa. Mun ji ƙanshin zaren da ba namu ba. Dokar garin nan, zaren da ba shi da tsagar gari ba ya wuce ƙofa sai gunduwa-gunduwa. Abokan gaba da zare suke cin mu. Su turo nasu ciki, ya yi ta haihuwa har gari ya fashe."

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ba yaƙi na kawo ba, jinya na kawo. Na uwata ne."

Ya ce, "Wanda ya ci garin maƙwabtanmu shi ma kuka ya zo da shi. Buɗe hannu."

Ta ce, "Ba zan buɗe ba."

"To za mu yanka da hannun."

"Ku yanka."

Ku tuna fa, mai kaɗi ce. Ɗan yatsan nan manuni na dama shi ne gonarta, shi ne rumbunta. Babban mai gadi ya sa almakashi a kansa ya tsaya yana dubanta, ko za ta janye. Ta rufe ido. Ya datse gaɓar farko. Wayyo! Ta yi ƙara har ganuwa ta amsa, jini ya bi zaren, amma sauran yatsun ko motsi ba su yi ba.

Babban mai gadi ya ja da baya ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Tun da aka kafa ƙofar nan ban ga maƙiyin da ya ba da yatsa ba. Ku yi wa zarenta tsaga." Suka bi zaren suna ɗiga masa wata 'yar alama nan da can, suka buɗe mata ƙofa.

Cikin garin ba gidaje, ba kasuwa, ba fada. Zare ne guda ɗaya tak, irin na hannunta, ya kewaye gari ya dawo ya haɗe da kansa, ba farko ba ƙarshe, jama'a kuma kaf a kansa suke hidima. Kusa da shi ga wani sabo fil, kamarsu ɗaya. Wata mai wucewa ta gaya mata cewa duk la'asar garin yakan rabu biyu, kowane ɓangare ya tafi da zare ɗaya, shi ya sa suke saƙa na biyu.

Ba ta rufe baki ba sai haske ya tsananta, aka buga ganga, jama'a suka watse suna ihu, "Masun rana! Masun rana!" Wasu masu na wuta, mashi bayan mashi, suka yi ta zubowa daga sama. Da suka ɗauke, zaren gari ya tsinke a wuri biyu, gari ya yi tsit, har bulalar waje ta daina kaɗawa.

Sai ga mutum huɗu sun fito, ba gudu ba gaggawa. A wuri na farko sili ɗaya ne ya yanke. Wata tsohuwa mai faɗin harshe, Liƙau, ta lasa wurin sau ɗaya ya haɗe, ta wuce abinta. A na biyu kuwa duka silin ne. Wani gajere mai haƙora kamar na gafiya, Gutsurau, ya hau bakin ya gaigaye buzu-buzun har ya bar sili ɗaya tsirara. Wani dogon makaho mai yatsu ba adadi, Lalubau, ya ɗauki silin ya nufi sabon zaren nan, ya bi shi yana shafawa dutse bayan dutse, har ya tsaya ya ce, "Nan ne." Ya buɗe murɗin ya kwantar da silin a ciki. Sai Cikau, mai buhun duwatsu a kafaɗa, ya duba abin da ke sabon zaren ya yi ta jerawa, fari ga baƙi, ja ga shuɗi, har giɓin ya cike. Liƙau ta lasa. Ko dutse ɗaya bai ɓata ba. Aka sake buga ganga, gari ya ɗauki motsi.

Sa'ude ta ji sanyi a ranta, ta ce lalle ta zo gidan magani. Ta je ta zube gabansu, ta miƙa hannayenta biyu, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Lalubau ya shafa bakin zaren. Can ya ce, "Ya ke 'yar Adam, mu ba mu ƙirƙira, kwafa muke yi. Ina ɗan'uwan wannan zare?"

Ta ce, "Ba shi da ɗan'uwa, ranka ya daɗe. Ita kaɗai ce."

Ya ce, "Aradu ba ta cin zare sai inda murɗinsa ya fi tsauri. Wurin nan da ya tsinke, maganar mutum ɗaya ce a shirye tun daga wannan baki har wancan. Wace ce 'yar farinta?"

Sa'ude ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. Ta ce, "Ni ce. Amma ka sake shafawa, ina jin wurin Tanimu ka taɓa."

Ya ce, "Makaho ne ni, amma yatsuna ba su taɓa yi mini ƙarya ba. In ke ce, to akwai dabara. Ranakun da ta yi da ke, ke ma kin yi su da ita. Watakila naki zaren ya zama abin dubawa. Sai dai zaro shi da zafi."

Ta ce a zaro. Suka zaro shi ta ƙahon zuciyarta, zafin yatsa ya zama wasa. Gutsurau ya ɗan gyara bakin na Inna Gaje, Lalubau ya ɗauka ya bi na Sa'ude yana shafawa. Duk inda ya haɗa dutse da dutse, sai abin da ke ciki ya bayyana a fili kowa yana gani.

Ya tsaya a ranar yaye. A zaren Sa'ude, ga uwa ta miƙa yarinya ga kaka, ta juya baya ta tafi ko waiwaye babu. A zaren Inna Gaje, ga ta ta juya ɗin, ta zagaya bayan rumbu, ta cusa bakin zane a baki ta cije don kada surukai su ji, nono yana zuba hawaye yana zuba, har inuwa ta juya. Lalubau ya ce, "Bai dace ba." Ya matsa gaba.

Ya tsaya a shekarar ƙyanda. A zaren Sa'ude, ga yarinya kwance tana kallon ƙofa kwana goma sha biyu, kowa ya zo dubiya ban da uwarta. A zaren Inna Gaje, ga ta kullum da hantsi tana ratsa fadama da ƙwaryar fura a ka, ta tsaya bayan danga, ta miƙa wa kaka ta ce a ce maƙwabta ne suka aiko, ta leƙa ta tsagar kara har sai ta ga ƙirjin yarinyar ya ɗaga ya sauka, sannan ta koma. Lalubau ya ce, "Bai dace ba."

Sa'ude ta ƙura wa ƙwaryar furar ido. Ta ce, "Furar nan da tsamiya a ciki. Na tuna ta."

Ya tsaya a ranar aurenta. Gwadon nan fari da aka ce gwaggonta ce ta ba ta, wanda har yau take rufa da shi, ga Inna Gaje tana kaɗa zarensa a ɓoye, damina biyu da rani biyu. Bai dace ba.

Ya zo kan dutse na ƙarshe, na bakin tsinkewar. Ga Inna Gaje a daji ran da abin ya faru. Ba itacen girki ta je yi ba. Ta ga mazarin Sa'ude ya tsage ne, ta je neman reshe mai kyau ta fere mata sabo, ta ba Tanimu ya kai ya ce shi ya saya. Ga ta a gindin tsamiya, ruwa yana zuba, ba kowa kusa, ta duba dama ta duba hagu, ta buɗe baki a hankali za ta ɗanɗana sunan nan ita kaɗai. Ta ce "Sa", sai haske.

Allah Sarki. Sa'ude ta faɗi a gwiwa, hannu biyu a sama don kada zaren ya taɓa ƙasa, ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana goye. Ba ta da hannun share hawaye, suka yi ta zuba. Har Gutsurau, da ba a san shi da tausayi ba, ya kau da kai.

Lalubau ya ce, "Na bi shi daga farko har ƙarshe. Ranakun ɗaya ne, abin da aka shirya a ciki daban. Ita ta ɓoye da kyau, ke kuma kin yarda da ɓoyon."

Ta ce, "To ai yanzu na sani! Don girman Allah ka sake shafawa, yanzu na sani!"

Ya ce, "Abin da kika sani yau, a dutsen yau aka shirya shi. Ba ya komawa baya ya gyara na shekara arba'in."

Aka buga ganga sau ɗaya. Liƙau ta dubi sama ta ce la'asar ta kusa, gari zai rabu, ba mai iya tsayar da shi saboda baƙo.

Lalubau ya ce, "Saurara da kyau, hanya uku ce. Ta farko, Cikau ya cike giɓin da abin da ke naki zaren, ko bai dace ba. Za ta tashi, ta san ke 'yarta ce. Amma za ta zama uwar da kika zata. Juya bayan zai zama na gaske, rashin zuwan ya zama na gaske, babu bayan rumbu, babu bayan danga. Ta biyu, Gutsurau ya cinye duk abin da ya warware, Liƙau ta haɗa baki da baki. Mu ma haka muke yi in masun rana suka same mu ba mu da na biyu. Zare yana haɗuwa, gari yana rayuwa, amma abin da ke tsakani ya tafi. Za ta tashi da hankalinta, ta san kowa, ban da ke. Ta uku, ki koma da shi yadda kika zo da shi. Ta cika da la'asar, da duk abin da kika gani a cikinta, ba a taɓa ko ɗaya ba."

Jama'a, ku ce ku ne. Sa'ude ta dubi hannun dama ta dubi na hagu. Ta ukun ta fi ja mata rai, ba zan ɓoye muku ba. Yau ɗaya ta sami uwa, a ce ta bayar da ita da hannunta? Sai ta tuna ƙirjin nan da take ɗura wa koko, yana ɗagawa yana sauka da ƙyar.

Ta ce, "Ta farko dai a'a. Matar da ta ratsa fadama kwana goma sha biyu, ba zan sa mata ƙaryata a ciki ba. Ta uku kuma, ni zan ji daɗi, ita ta mutu. Ku yi ta biyu."

Lalubau ya ce, "Kin ji sharaɗin? Ko an gaya mata ba zai zauna ba. Babu inda zai kama."

Ta ce, "Na ji. Abu ɗaya nake roƙo, ku bar ni in riƙe har a gama."

Gutsurau ya hau bakin dama. Ya fara daga tsamiya, ya ci mazarin, ya ci gwado. Ya koma bakin hagu ya ci fadama, ya ci danga, ya ci bayan rumbu. Kowane dutse in ya fashe sai abin ya bayyana sau ɗaya ya ɓace, Sa'ude tana kallo ba ta ƙifta ido, don ta san daga yau ita kaɗai ce ma'ajiyarsu a duniya. Na ƙarshe wata safiya ce, ɗaki ba kowa, wata yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta ɗaga jaririya ta sa hanci a wuyanta tana shaƙa, ta ji motsi a ƙofa ta yi maza ta ajiye. Shi ma ya fashe.

Bakin biyu suka yi sumul. Sa'ude da kanta ta matso da su har suka taɓa juna. Liƙau ta sunkuya ta lasa. Zare ya haɗu, ya ɗan gajarta, ba mai cewa ga inda aka yi aikin.

Ganga ta ɗauka ba tsayawa. Ganuwa ta tsuke a tsakiya, ƙasa ta tsage, rabin gari ya yi gabas da Lalubau da Cikau, rabi ya yi yamma da sauran. Ruwa ya shigo ya ɗauke Sa'ude, ɗigon ya saki igiya ya faɗo.

Ta farka a bakin rijiya, guga a kife, ba tsohuwa ba zare, ana kiran sallar la'asar. Ta tashi ta sheƙa gida ko tulun ba ta ɗauka ba.

Tun daga zaure ta ji guɗa. Tsakar gida cike da mata, ga Inna Gaje zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ƙwaryar kunu a cinya, tana yi wa Tanimu faɗa wai ya bar akuya ta ci mata rama. Tana kiran kowace mata da sunanta, tana tambayar 'ya'yansu. Sa'ude ta tsaya a bakin ƙofa, zane a jiƙe, baki da jini, hannu da jini.

Inna Gaje ta ɗago ta dube ta. Ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "A'a, baƙuwa muka yi? Ku ba ta wuri mana, kun tsaya kuna kallonta."

Tanimu ya ce, "Inna, Yaya ce fa. 'Yarki ta fari."

Ta yi dariya ta ce, "Ji ɗan nema! Aradu ni ta faɗa wa ko kai?" Maganar ta bi ta kanta ta wuce. Sai idonta ya sauka a hannun. "Subhanallahi! Wa ya yi miki wannan aika-aika? Zo nan, 'yar nan, zo."

Sa'ude ta zo ta durƙusa. Inna Gaje ta kama hannun ta ɗora a cinyarta, ta yage bakin zanenta, ta wanke yatsan da ruwan buta, tana naɗewa tana hura masa iska tana sannu. A gaban kowa, ba kunya ba kau da kai.

Ta ce, "Yaya sunanki?"

Ta amsa ta ce, "Sa'ude."

"Sa'ude," in ji Inna Gaje. Ta sake faɗa, a hankali, tana jin daɗinsa a baki. "Sa'ude. Kai, wanda ya raɗa miki ya iya zaɓe. To bar kuka haka, Sa'ude, yatsa ne, zai warke. Uwarki tana da rai?"

"Tana da rai."

"Alhamdu lillahi. To ki sha kunu ki kama hanya tun rana ba ta faɗi ba, kada ki bar ta da zullumi. Ke ba ki san halinmu ba ne. Duk inda take yanzu hankalinta yana kanki, ko da ba ta faɗa miki ba."

Matan da ke wurin suka rufe fuska da mayafi. Tanimu ya tashi ya fita zaure.

Sa'ude ta ce, "Na sani, Inna."

Ta karɓi ƙwaryar da hagu ta sha, don hannun daman yana cinyar tsohuwar, kuma ba ta so ta janye shi tukuna.